Lita ɗari na ruwan teku a Yamai

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana zuwa ci-rani Abijan kamar yawancin mazan Adar na zamaninsa. Cikin tsarabar da ya taɓa kawo mana Tawa akwai wani ƙaton kodi mai ruwan hoda daga ciki. Ya ce mu kara shi a kunne, za mu ji ƙugin teku. Muka yi ta karɓa-karɓa ni da ƙannena har dare. Ni dai ban ga teku da idona ba sai da na haura talatin, lokacin da sana'ata ta gilashi da alminiyom ta kai ni Lome sarin kaya. A ofishin wani dillali, ina jiran a rubuta mini takarda, na ga akwatin gilashi da kifaye masu launin da ban taɓa gani jikin mai rai ba. Mu da muka saba da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, sai ga kifi kamar an tsoma shi a rini. Da yake idon mai sana'a kan haɗin gilashi yake fara sauka, na lura akwai bututu biyu da suka fita ta bayan akwatin suka shige kabad ɗin da ke ƙasa. Na roƙi yaron ofishin ya buɗe mini. Ashe akwai wani akwatin na biyu a ciki, ba ado, ba kifi, ruwa na ta bin ɗakuna yana fita. Wannan na ƙasan shi na taho da shi Yamai a raina.

Masu wannan sha'awa ta kiwon kifin ado da ke rubutu da Faransanci suna ce masa dekant, masu Ingilishi kuma samp. Ni tankin ƙasa nake ce masa, kuma yaran shagona sun kama sunan. Ruwan akwatin sama yana cika ya malala ta wani bututu ya gangaro ƙasa da nauyin kansa, ya bi ta matata, sannan ƙaramin inji ya sake tura shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana. Duk tarkacen da ba ka so ido ya gani, injin da na'urar kumfa mai cire datti da ma'aunin zafi, a can ƙasa suke zaune. Babban amfaninsa a wurina shi ne yana ƙara yawan ruwa. Ruwa kaɗan saurin ɗaukar zafi gare shi, saurin lalacewa kuma; duk litar da ka ƙara, ka sayi ɗan lokaci ne kafin ɓarna ta kai ga kifi.

Bayan damina bara na fara. Na yanka gilashi mai kaurin milimita 8, tsawo santimita 60, faɗi 40, tsayi 40, wato lita 96 in an cika shi fal. Na ƙasa kuma 50 da 32 da 35, lita 56. Ramukan bututu na huda su kafin in haɗa, da bakin huji mai ƙurar daimon, yarona yana ɗiga ruwa a wurin ni kuma ina tafiya a hankali ba dannawa. Wanda zai gwada ya tabbata gilashinsa ba gasasshe ba ne irin na ƙofar shago ko tagar mota, domin wannan ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi kamar tsakuwa. Silikon ma ba kowanne ba. Wanda muke sa wa a banɗaki da kicin galibi akwai maganin hana fumfuna a ciki, kuma guba ne ga kifi. Na zaga kasuwar Katako rumfa-rumfa ina karanta bayan kwali har na sami zalla, mai warin binegar, na bar shi mako guda ya bushe. Teburin kuwa mai walda ya yi mini da ƙarfe mai kauri muka shafe shi da fenti hawa uku, saboda lita guda ta ruwa kilo guda ce, kuma gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya. Don haka ma duk mahaɗin bututun na roba ne. Tagulla ko kaɗan ba ta shiga, tana kashe ƙananan halittun teku.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce kowa ke fara tambaya. Inna ta zo daga Tawa ganin jikoki ta iske ni ina auna farin gari a sikeli. Da na gaya mata daga waje aka yo mini odarsa, ta riƙe haɓa ta ce, “Kai ɗan nan, ga balma, ga na Foga, ga kantu ana kawowa har ƙofar gida, mi ya kai ka sayen gishirin Turai?” Tambayarta tana kan hanya. Na ce, “Inna, namu na miya ne da na dabbobi, wannan kuwa haɗi ne.” A kowace lita ta ruwan teku akwai giram 35 na gishiri iri-iri. Irin wanda muke ci shi ne kusan kashi 85 cikin ɗari, ragowar kuma magniziyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu ƴan ƙanana, kowanne da gwargwadonsa. Wannan ragowar ita ke riƙe ruwan kada ya yi tsami, da ita kuma masu kodi ke gina ɓawonsu. In ka narka kantu a ruwa ka sami ruwan gishiri, amma kifin teku ba zai daɗe a cikinsa ba. Cikon farko ya ci mini kusan kilo 4. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya irin wannan ya ƙara nisa da tsada, shi ya sa ko cokali guda ba na bari ya zube.

Ruwan ma ba na famfo kai tsaye ba. Akwai kulorin a ciki, akwai kuma abubuwan da kogi ya kwaso waɗanda ba sa cutar da mu amma suna ciyar da gansakuka. Na sayi ƙaramar matatar da ake kira osmozar, mai tura ruwa ta wata fata mai matsatsin ƙofofi. Tana da ɓarna, don kafin ta ba ka lita ɗaya ta zubar da uku ko huɗu, sai na sa tiyon zubarwar a baho uwargida tana wanki da shi ana ba bishiyar lemun tsakar gida. Gishirin kuma ina auna shi da wani ɗan ma'auni mai kamar guntun madubin hangen nesa: ka ɗiga ruwa a bakinsa, ka rufe, ka ɗaga wajen haske, sai ka ga inda shuɗi ya rabu da fari. Inda nake so iyakar ta tsaya shi ne 35, ko 1.026 a ɗaya layin.

Akwai abin da ya taɓa ni wajen neman duwatsu. Akwatin teku yana son dutse mai ƙofofi, irin mataccen murjani, saboda a cikin ƙofofin ne ƙwayoyin da ke tsabtace ruwa suke zama. Marmararmu ta nan ƙarfe ya yi mata yawa. Sai na tuna muna yara, in mun hau tudun da ke bayan gari kiwo, mukan tsinci duwatsu masu siffar kodi da katantanwa sak, mu yi wasa da su. Daga baya na karanta cewa ƙasar Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani hannun ruwa ya ratso ta inda Sahara take yanzu. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙasan wannan tekun ya taru. Na sa ƙanena ya aiko mini da guda uku. Na ɗiga musu binegar suka yi kumfa, alamar dutsen farar ƙasa ne irin wanda ake so. Amma yankin Tawa akwai fosfat a ƙasarsa, fosfat kuwa takin gansakuka ne, ga su kuma a cure ba ƙofofi. Na haƙura na yi odar busasshen dutsen murjani kilo 8 tare da gishirin. Na Adar ɗin suna nan a kan kabad, kusa da kodin Baba.

Ranar da na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu, ruwan gishirin bai cika kwana goma a akwati ba. Kifi bai zo ba tukuna. Ina son ruwa ya yi yawa, sai na cika tankin ƙasa har ya rage bai fi wurin lita 10 ba. Bakin bututun da ke mayar da ruwa sama kuma na nutsar da shi santimita 10 don kada ya yi ƙara ya hana yara barci. Wajen ƙarfe biyun dare aka ɗauke kuran. Uwargida ce ta taɓa ni ta ce, “Malam, tashi, ruwa nake ji a falo.” Na haska fitilar waya na tarar tabarma ta jiƙe sharkaf, ruwa na bin gefen kabad yana kwarara.

Duk wanda ya taɓa ganin ana zuƙo esansi da tiyo daga tankin mota ya san abin da ya faru. Da inji ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu ya faɗo ƙasa, ya jawo na bayansa, na bayan ya jawo na bayansa, kuma ba zai daina ba sai bakin bututun ya fito sarari ya sha iska. Lissafin mai sauƙi ne, da na zauna na yi shi tun farko da ban yi asara ba. Fuskar akwatina 60 sau 40 ce, saboda haka kowane santimita ɗaya na zurfi lita 2.4 ne. Santimita 10 lita 24 ke nan suka sauko, wurin da na bari na 10 ne. Lita 14 suka kwanta a ƙasa, da rabin kilon gishiri a cikinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jonin wutar yana ƙasa a cikin kabad ɗin, ya jiƙe. Da an maido da kuran ina tsaye a ruwan gishiri ba takalmi, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Na fara kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin in taɓa komai, muka kwana muna tsane ruwa da tsumma.

Littattafai da bidiyon da na koya daga gare su mutanen Faransa da Amurka ne suka yi, inda ɗauke wuta baƙon abu ne, sai su ambace shi a layi biyu su wuce. A Yamai, musamman da bazara, abin yau da gobe ne. Don haka na kwance tsarin na sake shi da tambaya guda a gabana: in inji ya tsaya yanzu, ina ruwan zai tafi?

Na huda ɗan rami na milimita 3 a jikin bututun mayarwa, ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Da ruwa ya sauka ya kai wurin sai iska ta shiga, zuƙon ya yanke. Na kuma ɗago bakin bututun ya dawo kusa da sama, don ko ramin ya toshe ɓarnar ba za ta yi yawa ba. Yana toshewa kuwa, gishiri da gansakuka suna like shi, shi ya sa kowace Juma'a in na dawo masallaci nakan sa tsinken sakace in buɗe. Wani ya ba ni shawarar in sa bawul mai hana ruwa komawa baya in huta. Ban yarda da shi ba, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakinsa ya tashi aiki, kuma ba za ka sani ba sai daren da kake bukatarsa. Tankin ƙasa yanzu rabinsa kawai nake cikawa. Na cire filogi da hannuna sau goma ina kallo, kowane karo lita 6 ne ke saukowa su tsaya. Na ja layi biyu da alƙalamin da ba ya gogewa a jikin gilashin, ɗaya inda ruwa ke tsayawa in inji na aiki, ɗaya inda yake kaiwa in ya mutu. Jonin wuta ya koma bango, sama da kan akwatin, kowace waya kuma na bar mata lanƙwasa a ƙasa don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi kafin ya kai ga soket.

Akwai haɗari na biyu, kishiyar wannan: bututun gangarowa ya toshe alhali inji na ta turawa, sai na sama ya yi ambaliya. Maganinsa bututu na biyu da ke zaune a bushe, sama kaɗan da na farko, yana jiran ranarsa. Sannan ɗakin da injin yake na yi shi ƙarami. Tankin ƙasa ɗaki uku ne da allunan gilashi a tsakani: na farko inda ruwa ke faɗowa cikin jakar tacewa, da na'urar kumfa a gefenta, na tsakiya da ragowar duwatsu, na ƙarshe na inji. Tun da abin da ke ɗakinsa kawai injin zai iya kwashewa, ko duka bututun biyu sun toshe ba zai tura fiye da lita 5 ba. Na'urar kumfar nan abin kallo ce. Tana kaɗa ruwa da ƙananan ƙwayoyin iska, dattin da ya narke ya manne musu, kumfar ta hau ta zube a wani kofi. Bayan kwana uku ka tarar da ruwa baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana, mai wari, alhali ruwan akwatin garau yake a ido.

Daga nan sai jira, wanda ya fi komai wuya a gidan da ke da yara. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, ita kuma tana ƙona masa gaɓoɓin numfashi. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mai da ita nitirit, wanda shi ma ba a son sa, wasu kuma su mai da nitirit nitirat, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai an yi kiwonsu. Na jefa guntun jatan lande ɗanye na bar shi ya ruɓe, na zuba ƴar kwalbar ƙwayoyin da ta zo da gishiri, ina gwada ruwa duk bayan kwana biyu. Mako na farko amoniya ta hau. Ta fara sauka nitirit ya hau, ya zauna ya ƙi motsi har na soma zargin kayan gwajin. Ƴata ta fari, mai shekara 9, kullum in ta dawo lakwal sai ta leƙa ta ce, “Baba, yau ma duwatsu kawai?” In ce mata akwai masu rai a ciki, ido ne ba ya ganinsu. A mako na shida duka biyun suka koma sifiri. Ranar na sa ta riƙe kwalbar gwajin da kanta ta gwada da takardar launi.

Kifi biyu ne kawai, kuma ba ni da niyyar wuce uku. Wani mai shigo da kifin ado ya taho mini da su ta jirgi a watan Janairu, cikin leda mai iskar oksijin a kular ƙanƙara. Irin masu ruwan lemo ne da farar ɗamara uku, kowace da baƙin gefe, waɗanda masana ke kira Amphiprion ocellaris. Asalinsu tekun Indiya ta gabas da yammacin Fasifik, amma nawa haihuwar gidan kiwo ne, abin da na dage a kansa ke nan, domin sun fi jure zaman akwati kuma ba a raba kowa da tekunsa ba. Suna da wani al'amari na ikon Allah: ba a haifar mace a cikinsu, wanda ya fi girma da ƙarfi a rukuni shi ke rikiɗa ya zama mace. Nawa sun zo kusan kai ɗaya. Yanzu ɗaya ta yi girma sosai, ita ke fara cin abinci, in ta matso sai ƙaramin ya karkata jiki yana karkarwa, alamar ya sallama. A teku suna fakewa ne cikin wata halitta mai kamar fure mai harbi, amma ita tana son haske mai ƙarfi da ruwan da ya daɗe da zama, ban kai nan ba. Sun zaɓi wani lungu bayan dutse suna kwana.

Da hunturu na ɗan sa na'urar ɗumama ruwa, don asubar Janairu akwai sanyi, kuma na rufe saman da raga saboda ƙura da kuma tsalle. Jarrabawar gaske Afrilu da Mayu ce. Kifin nan yana son digiri 25 zuwa 27, garin kuwa yana haura 40. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai, ruwan gishiri ma dama bai kai na daɗi riƙewa ba. Injin sanyaya ruwa ya fi ƙarfin aljihuna. Dabarar da ta fisshe ni ita ce ta randar Inna: ruwan da ke tsatsafowa jikin randa yana bushewa ya tafi da zafi. Na ɗaura ƙananan fankoki biyu irin na kwamfuta suna hura fuskar ruwan tankin ƙasa, na cire ƙofar kabad na sa raga. Da yake iskarmu a bushe take kafin damina ta matso, sai ruwan ya sauko da digiri biyu zuwa uku. Ranakun da abin ya ƙi, uwargida takan daskarar mini da gorunan roba a firji, in sa ɗaya a ɗakin farko da azahar, ɗaya da la'asar, a rufe gam don kada ruwansu ya gauraya. Mafi zafin da na gani a ma'auni 30 ne, kwana huɗu a jere, kifin suna numfashi da sauri, na rage musu abinci na kashe fitila.

Fanka kuwa tana da kuɗinta. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Da bazara lita 3 nake rasawa a yini, cikin lita kusan 110 da ke zagayawa. Yini ɗaya gishirin ya tashi daga 35 zuwa 36, kwana huɗu ba ciko ya haura 39. Saboda haka abin da ake cikawa da shi ruwan daɗi ne tatacce, ba ruwan gishiri ba, kuma nan ne sabon shiga ke yawan kuskure. Wani abin da tankin ƙasa ke yi shi ne duk ragin nan a ɗakin inji kaɗai yake bayyana, na sama kullum a cike yake, sai mutum ya zaci lafiya lau alhali inji na dab da shan iska. Safe da yamma ake cikawa zuwa layin farko. Na koya wa ƴata, ta kuma riƙe abin da gaske. Ruwan gishiri sabo sai ranar canji, lita 10 duk mako, wanda nake haɗawa a bokiti tun ana gobe da dare.

Don ɗauke wuta mai tsawo, ban yi ƙoƙarin ɗora komai a kan batir ba. Abin da ke fara kashe kifi in komai ya tsaya shi ne rashin iska. Sai na haɗa ƙaramin inji mai kaɗa fuskar ruwan sama da fanka ɗaya a batirin solar gidan, su ba sa tsayawa. Injin mayarwa da na'urar kumfa da fitila suna iya jira.

Daren jiya ma an ɗauke, muna cin tuwo. Na ji bututu ya yi ƴar ƙarar shan iska, na ajiye loma na ɗauki fitila. Ƴata ta riga ni durƙusawa gaban kabad, yatsarta a kan layi na biyu, ruwa na hawowa a hankali. Ya zo daidai ƙasan yatsar ya tsaya. Ta juyo ta ce, “Baba, ya tsaya.” Muka koma kan tuwonmu. Gobe Juma'a, akwai sakace ramin bututu, kuma jakar tacewa ta isa wanki.